Amsoshin Tambayoyinku: Ina So In Haɗa Kwamfutar Gem, Amma Kuɗina Kaɗan Ne

Tambaya

 Ni ɗalibi ne, ina aji biyu a jami'a. Tun ina sakandare nake zuwa gidan gem ina buga ƙwallo, yanzu kuma na ɗan tara kuɗi daga gyaran waya da nake yi lokacin hutu, ina so in haɗa kwamfuta tawa ta kaina. Wasannin da na fi so su ne FC da eFootball da GTA V, wani lokaci da Fortnite. Ina kuma so in riƙa aikin makaranta da ita. Matsalar ita ce ban taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya faɗa mini abu daban. Wani ya ce lallai sai Core i7, wani ya ce in sayi laftof in huta, wani kuma ya ce in nemi tsohuwar ta ofis in sa mata kati. Don Allah Malam, ta ina zan fara, kuma me zan guje wa? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa

 Amin ƙanena, Allah ya sa albarka a neman da kake yi. Bari in fara da kwantar maka da hankali. Wanda ya iya ɗaga sikirin ɗin waya bai fasa shi ba, haɗa kwamfuta ba zai ba shi wahala ba. Kayan cikinta manya ne, babu ƙona dalma, kuma kusan kowane kebul an yi masa bakin da ba zai shiga ramin da ba nasa ba. Wurin saye ne ake yin asara, don haka a nan zan fi daɗewa.

Abin da ya sa kowa ke faɗa maka abu daban shi ne, babu wanda ya tambaye ka me za ka buga, a kan wane allo, kuma da wace irin wuta. Kai kuwa ka taimake ni da ka lissafa wasanninka, domin su ne ma'auni. Ɗauki FC 24, wanda ya fito a Satumban 2023 bayan kamfanin EA ya daina amfani da sunan FIFA. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa mafi ƙarancin abin da wasan ke bukata shi ne katin hoto GTX 1050 Ti ko RX 570 da ram gig 8. Abin da ya ba da shawara kuwa shi ne GTX 1660 da ram gig 12, sai wurin ajiya gig 100. Shi GTX 1660 ɗin kati ne na 2019. eFootball bai kai FC nauyi ba, GTA V tun 2015 ya sauka a kwamfuta, Fortnite kuma yana da saiti na musamman don injuna marasa ƙarfi. Ke nan abin da kake nema shi ne allon 1080p, wasa yana tafiya firem 60 a daƙiƙa ba tare da ciccijewa ba. Wannan buri ne da ƙaramin aljihu zai iya cimmawa. Ka riƙe shi gam, domin a kasuwa za a yi ta ƙoƙarin ɗaga maka shi.

Sai maganar Core i7 da aka ce lallai sai ita. Wannan suna ya cinye kuɗin matasa da yawa. Intel na fitar da furosesa zubi-zubi, kuma a kowane zubi akwai i3 da i5 da i7. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗa maka zubin: i7-3770 zubi na uku ce, ta 2012, i3-12100F kuwa zubi na goma sha biyu ce, ta 2022. Dukkansu koya (core) huɗu gare su, amma i3 ɗin nan ta yi wa waccan i7 fintinkau a kowane wasa. Idan mai shago ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru, ka ce masa ya ƙarasa lambar. Akwai ma wani dalili bayan gudu. Microsoft ta daina ba Windows 10 kulawa ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana karɓar furosesar Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, ta AMD kuma daga Ryzen 2000. Wasu wasanni, irin su Valorant, ba sa buɗewa a Windows 11 sai an kunna TPM 2.0 da Secure Boot. Duk abin da ya gaza zubi na takwas, kada ka gina sabuwar kwamfuta a kansa ko da an ba ka shi da araha.

A kwamfutar gem, katin hoto ne ke ɗaukar mafi nauyin aiki, shi ya kamata ya ɗauki mafi nauyin kuɗi. Farashin kayan nan yana bin dala, yau daban gobe daban, saboda haka ka yi lissafinka da kaso. Ni a ganina, bayan ka ware kuɗin monita da na kariyar wuta, kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na abin da ya rage ya tafi ga kati. Furosesa da kati kamar shanun huɗa suke: idan ka haɗa bijimi da maraƙi a garma ɗaya, da tafiyar maraƙin za a yi noman. Masu sabon shiga sukan zuba kuɗi a furosesa mai babban suna, su zo wurin kati aljihu ya yi sanyi, sai su ɗauki abin da ya samu.

Da ni ne a matsayinka, RX 6600 na AMD zan fara nema. Ya fito a Oktoban 2021, yana da gig 8, wat 132 kawai yake ja, kuma duk wasannin da ka lissafa zai buga su a 1080p da saiti mai kyau har da rara. Ƙarancin cin wutarsa yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu bita na ƙasashen waje ke ɗauka, zan dawo kan wannan. Idan kuɗin sun ɗan fi haka, akwai RTX 3060 na Nvidia, amma ka tabbata mai gig 12 ne, domin an fitar da wani mai gig 8 da suna iri ɗaya wanda bai kai shi gudu ba. Idan kuɗin ba su kai ba, GTX 1660 Super na hannu zai riƙe ka a ƙwallo da GTA. RX 580 mai gig 8 ya fi su araha, sai dai kati ne na 2017, yana jan wat 185, yana zafi, kuma AMD ta rage kula da direbobinsa. Sannan da yawa daga cikin masu arahar da ke yawo an rubuta musu 2048SP a gefe. Asalin RX 580 yana da SP 2304, shi wannan 2048 ɗin adadin RX 570 ne, don haka kada ka biya kuɗin babba ka tafi da ƙarami.

Kada kuma yawan gig ya ruɗe ka. Za ka ga GT 730 an rubuta masa gig 4 da manyan baƙaƙe a kwali, amma kati ne na nuna hoton ofis, ba zai buga maka FC ba. Gig ɗin kati wurin ajiya ne kawai, ƙarfin yana cikin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton. GT 710 da GT 730 da GT 1030 duk ka wuce su.

Tunda mai ƙaramin kasafi kusan dole ne ya leƙa kayan hannu, bari in gaya maka yadda ake gwada kati. Har zuwa Satumban 2022 ana haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto, injuna suna aiki dare da rana. Da aka sauya tsarin a wannan watan, sai masu haƙa suka juye katunansu a kasuwannin duniya, kuma da dama sun iso wurinmu. Ba kowane katin haƙa ne matacce ba, wasu lafiyarsu ƙalau, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko a titin Beirut na Kano kake saye, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce. Ka tafi da filash ɗinka ɗauke da manhajoji biyu na kyauta, GPU-Z da FurMark. Kafin a jona katin, ka karɓe shi a hannu. Ka juya fankokin da yatsa, ka ji ko suna tafiya sumul ko suna gurzawa. Ka duba bayan allonsa, ko akwai wurin da ya yi launin ƙasa-ƙasa saboda zafi, ko maiƙo ya tsatso a gefen ƙwayoyin. Ka dubi kan sukurori huɗun da ke riƙe da sanyayarsa, ko sun cinye saboda yawan kwancewa. Ka shinshina shi ma, ƙauri ba ya ɓuya. Sannan a sa shi a inji a gabanka. GPU-Z zai nuna maka ainihin sunan katin da girman gig ɗinsa, kuma akwai tsoffin katunan Nvidia da ake sauya wa suna su koma kamar sababbi, waɗanda manhajar kan tona asirinsu a kan layin sunan. Daga nan ka kunna FurMark ya yi minti goma sha biyar kana tsaye. Zafi tsakanin digiri 65 zuwa 80 ba laifi. Idan ya doshi 90, ko ka ga ɗige-ɗige masu launi da layuka a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, ka ajiye shi ka yi godiya. Mai shagon da ya ƙi a gwada a gabanka ya riga ya ba ka amsa. Wanda ya yarda kuma, ka nemi ya rubuta maka garantin ko da sati biyu ne a kan rasit, tare da lambar jikin katin. Garantin fatar baki ba ya zuwa ko'ina.

Furosesa da madabod tare ake zaɓarsu, domin sai soket ɗinsu ya zo ɗaya. Hanyoyi biyu ne masu sauƙin kuɗi. Ta farko Ryzen 5 5600, mai koya shida, a kan madabod B450 ko B550, soket AM4. Ta biyu i3-12100F ko i5-12400F a kan H610 ko B660, soket LGA1700. Duk wadda ka samu da rahusa a ranar, ɗauke ta, bambancinsu a wasanninka ba zai kai ka gani da ido ba. Sababbi a kwali suna zuwa da fankarsu, kuma ta isa. Abubuwa uku kawai za ka kula da su. B450 ya girmi Ryzen 5000, don haka ka sa mai shago ya tabbatar an sabunta BIOS ɗinsa, ya tayar da shi da furosesar a gabanka. Madabod na LGA1700 akwai mai cin ram DDR4 akwai mai DDR5, kuma ba sa musanya, ka duba kafin ka sayi ram. Harafin F a ƙarshen sunan Intel kuma yana nufin babu katin hoto na ciki, haka ita ma Ryzen 5 5600, ba za su nuna komai a allo ba sai da kati.

Akwai wata hanya ga wanda kuɗinsa ba su kai na kati ba tukuna. Ryzen 5 5600G tana da nata katin a ciki. Za ta yi maka aikin makaranta, ta buga eFootball da GTA V a ƙaramin saiti, har ka tara kuɗin kati ka ƙara. Ba ta kai 5600 ƙarfi ba idan an haɗa su da kati, amma ta fi ka saya rubabben kati don gaggawa.

Ram ka sayi gig 16, kuma ya zama sanda biyu masu gig 8 kowanne, iri ɗaya, DDR4-3200. Sanda biyu suna buɗe wa furosesa hanya biyu, sanda ɗaya mai 16 hanya ɗaya ce. Ga mai 5600G wannan ba zaɓi ba ne ma, dole ne, domin da ram ɗin take zana hoto. Wurin ajiya kuwa SSD, irin siririn nan na M.2 da ake kwantarwa a kan madabod. Gig 500 shi ne ƙarshen ƙasa, kuma FC da GTA kaɗai za su cinye kusan rabinsa, don haka tera ɗaya ya fi idan da hali. SSD sabo za ka saya, domin yana da iyakar rubutun da zai ɗauka a rayuwarsa. Idan ya zama dole sai na hannu, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

Yanzu mun zo inda nake so ka ba ni hankalinka gaba ɗaya, wato wuta. Fawa saflai ba ya ƙara firem ko ɗaya, shi ya sa ake raina shi, kuma shi ne idan ya mutu yakan tafi da sauran. Katin da ka sha wahala ka tara wa kuɗi, da madabod, da SSD mai ɗauke da aikin makarantarka, duk daga hannunsa suke ci. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kisa take yi. Irin fawa saflai ɗin nan da ke zuwa kyauta cikin kesin, mara nauyi, mai siraran wayoyi, kada ka jona masa katin gem. Ka koyi karanta takardar da ke manne a jikinsa. Ka nemi layin da aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Misali, idan an rubuta wat 500 a gaba amma layin 12V ya nuna amfiya 18, to wat 216 ke nan za su isa ga furosesa da kati, domin daga wannan layin suke sha. Na kirki za ka tarar kusan duk ƙarfinsa yana kan layin 12V. Ka nemi wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko be quiet!, sabo, mai garanti. Tambarin 80 Plus yana nuna cewa ba ya ɓarnatar da wuta da yawa ta zama zafi. Alama ce mai kyau, amma ba ita ke tabbatar da ingancin kayan cikinsa ba, kuma ana buga ta a kan jabu.

Duk wannan rabin labarin ne. Masu bidiyon haɗa kwamfuta a Amurka da Turai ba sa maganar abin da ke bayan bango, domin wutarsu a tsaye take. Kai kuwa ka san yadda take zuwa: wani lokaci ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci a dawo da ita da ƙarfin da zai ƙona kwan fitila. Saboda haka kuɗin kariyar wuta yana cikin kuɗin kwamfutar, kamar yadda kuɗin ram yake ciki. Mafi ƙaranci sitabilaiza mai kyau, mai jinkirta ba da wuta na ɗan lokaci bayan an kawo ta. Wanda ya fi shi ne UPS mai daidaita ƙarfin wuta, wanda zai ba ka 'yan mintuna ka ajiye aiki ka kashe inji da kanka, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu takan lalata Windows ko fayilolin wasa. Sai dai ka kula, lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce, VA ce. Mai 650VA sau da yawa bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600 tare da monita ba zai wuce wat 300 ba ana tsakiyar wasa, kuma ka ga tazarar ta yi kaɗan. Mai 1000VA zuwa sama zai fi ba ka natsuwa. A nan ne za ka gane dalilin da ya sa na fifita kati mai ƙarancin ci: kowane wat hamsin da ka rage, ragi ne a girman UPS, da man janareto, da batirin sola. Idan gidanku inbata ake amfani da ita, ka tambaya ko mai ba da tsaftatacciyar wuta ce, irin wadda masu sola ke kira fiyo sayin. Fawa saflai na zamani wasu ba sa jituwa da ɗaya nau'in, sai su riƙa ƙara ko su ɗauke. Ƙaramin janareto kuma kada ka jona kwamfuta kai tsaye a kansa, kuma kada ka bar ta a jone lokacin da ake tayar da shi ko mai ya kusa ƙarewa yana shiɗewa. Idan ka tashi daga wasa, ka zare fulogi daga bango, musamman da damina.

Kesin ka rage masa kuɗi yadda ka ga dama, da sharaɗi biyu: gabansa ya zama raga mai shigar da iska, kuma katinka ya shige ciki, ka auna tsawonsa. Masu gilashi a gaba da fitilu bakwai suna da kyau a hoto, amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, iskar da ke ɗakin ita ce injin zai shaƙa, kuma ba zai taɓa yin sanyin da ya fi ta ba. Fanka biyu a gaba masu jawowa, ɗaya a baya mai fitarwa, sun wadatar. Ka ɗora injin a kan teburi, kada ka ajiye shi a ƙasa kan kafet. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Duk wata ka fitar da shi waje ka hure shi da abin hura iskan da kuke amfani da shi a shago, kana riƙe da fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa a banza.

Game da laftof da aka ba ka shawara, tana da batir kuma za ka je aji da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a kuɗi ɗaya ba za ta kai ta teburi ƙarfi ba, tana fama da zafi, kuma katinta ba ya canzuwa. Idan yawo da ita ya zama dole a karatunka, ka saye ta da sanin haka. Tsohuwar ta ofis kuwa, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, hanya ce ta gaske ga wanda kuɗinsa suka yi ƙasa sosai, matuƙar furosesarta zubi na takwas ce zuwa sama, kamar i5-8500. Iyakarta ita ce fawa saflai ɗinta ƙarami ne kuma sau da yawa bakinsa na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Dole ka tsaya ga katin da ke shan wutarsa daga ramin madabod, wanda iyakarsa wat 75, kamar GTX 1650 mara fulogi, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai gig 6, kuma idan siririyar ce sai gajeren kati. Za ta buga ƙwallo. Sai dai ranar da ka so ƙari, kusan daga farko za ka sake.

Kafin ka biya ko sisi, ka shigar da duk kayan da ka zaɓa a shafin PCPartPicker. Farashinsa ba namu ba ne, amma zai gaya maka idan wani abu bai dace da wani ba. Kuma ka tara kuɗin su cika sannan ka saya a tsakanin kwanaki kaɗan. Wanda ya sayi madabod yau, ram bayan wata uku, garantinsa zai ƙare bai san ko kayan suna aiki ba.

Ranar haɗawa ka sami teburi mai faɗi da haske, da sukundireba mai baki huɗu, da littafin madabod a buɗe. Idan lokacin hunturu ne jiki yana tara irin wutar nan da ke tsirawa idan ka taɓa ƙarfe, don haka ka riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka riƙe alluna ta gefe. Ka ɗora madabod a kan kwalinsa ka fara a nan. A kusurwa ɗaya ta furosesa akwai ƙaramar alama mai kusurwa uku, a soket ma akwai irinta. Ka daidaita su ka sake ta, da kanta za ta zauna. Idan ba ta zauna ba, ɗaga ta ka sake dubawa, kada ka danna, domin a AM4 ƙafafun suna jikin furosesa, a LGA1700 suna cikin soket, kuma lanƙwasa ɗaya ta isa ta ɓata maka rana. Fankar da ta zo a kwali akwai man sanyaya shafe a ƙasanta. Idan daban ka saye ta, ka duba ko akwai leda a manne a ƙasan, ka ɓare ta, sannan ka ɗiga man gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya. Ram kuwa yana son ƙarfi fiye da yadda hannun mai gyaran waya ya saba. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa. Ka daidaita tsagar, ka danna gefe biyu da manyan yatsu har ka ji ƙas, makullan su rufe da kansu. Da yawa daga cikin injunan da ke ƙin nuna hoto a ranar farko, ram ne bai zauna ba.

Tun yana kan kwali ka sa kati, ka jona wuta da monita ka gwada, kafin ka ɗaure komai a kesin. Babban kebul mai baki 24 na madabod ne. Akwai kuma masu baki takwas iri biyu da suke kama da juna: wanda ke rabuwa huɗu da huɗu na furosesa ne, wanda ke rabuwa shida da biyu na kati ne. A cikin kesin, ka tabbata ƙananan ginshiƙan da madabod ke hawa suna daidai da ramukansa, babu ko ɗaya da ya rage a ƙarƙashi yana taɓa allon. Sannan kebul ɗin monita a jikin kati ake jona shi, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba.

Idan ta tashi, ka shiga BIOS ka kunna XMP, wanda wasu allunan AMD ke kira DOCP, in ba haka ba ram ɗinka mai 3200 zai iya tsayawa a 2133 ko 2400. Windows ka sauke shi daga shafin Microsoft zuwa filash mai gig 8, direban kati kuma daga shafin AMD ko Nvidia kai tsaye. Monita mai inci 22 zuwa 24, 1080p, ta isa, kuma idan mai nuna firem 75 ko 144 a daƙiƙa ce sai ka shiga saitin allo ka ɗaga da hannunka, domin Windows yakan bar ta a 60. Talabijin ɗin gida ma zai yi kafin ka samu, ka dai kunna masa yanayin gem don rage jinkiri. Hannun gem na Xbox yana aiki da Windows kai tsaye, na PS4 kuma Steam na gane shi.

Wasannin fashi da ake turawa a filash, ka yi nesa da su a injin da ke ɗauke da takardunka da kalmomin sirrinka, domin ɓarayin bayanai kan shigo ta nan. eFootball da Fortnite kyauta ne, Epic Games na raba wasa kyauta duk mako, har GTA V sun taɓa bayarwa a Mayun 2020, Steam kuma na karya farashi sau da yawa a shekara. Data ce za ta fi cin ka. Idan abokinka yana da wasan da ka saya a Steam, ka kwafi fayilolin daga wurinsa, Steam zai tantance su ya sauke abin da ya rage kawai. Idan kuma kana buga na intanet ka ga ɗan wasanka yana amsa umarni a makare, wannan nisan sabar wasan ne da ingancin layinka, sabon kati ba zai gyara shi ba, kebul daga rauta zuwa inji ya fi wayales taimakawa.

In Allah ya hore wasu kuɗin nan gaba, ka fara ƙara wurin ajiya, sannan kati. Fawa saflai mai wat 650 zai ɗauki katin da ya fi wannan ba tare da ka canza shi ba, kuma idan AM4 ka bi, madabod ɗin nan zai karɓi Ryzen 7 5700X3D bayan sabunta BIOS, ba sai ka taɓa ram ko kesin ba.